Mai Tozali Ya Daina Tuƙa

Duk ƙauyen Karaye, can wajen Jega, babu wanda zai koya wa Saratu kiwon tumaki. Ta yi a gidan ubanta, ta yi a gidan miji, mijin ya rasu ta ci gaba da abinta. Amma daminar bana sai ga ta ta koma ɗaliba a cikin gidanta, kuma malamin ba kowa ba ne illa ɗan da ta haifa, Waliyyu, wanda ke karatun digiri na biyu kan kiwon dabbobi a Aliero, yana kuma koyarwa a wata makaranta a Jega Firchin.

'Yan raguna takwas ya kawo mata a bayan a-kori-kura, kowanne da lamba a kunne. Kafin ya sauke ko ɗaya sai da ya sa aka kwashe tumakinta kaf, har da tsohuwar tunkiyar da take ji da ita, aka kai gidan ƙanenta Maiwada, can bayan rudun albasa, rumfar da ake adana albasa. Ya share garken, ya feshe shi da magani, ya kafa darni biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da tazara a tsakani yadda ko wata dabba ta zo ba za ta kai bakinta ga na ciki ba. Cikin kuma ya raba shi gida biyu, huɗu a dama huɗu a hagu.

Sannan ya zaunar da ita ya yi mata bayani. A cikin tumbin kowace tunkiya, in ji shi, akwai waɗansu ƙananan halittu masu rai, ido ba ya ganinsu, suna yawo a ruwan tumbin suna cin rabonsu daga abin da dabbar ta ci. Waɗannan takwas ɗin an ɗura musu magani an kashe nasu ƙurmus. Abin da yake son ya gane shi ne, idan babu halittun nan, yaya gishirin jiki yake kasancewa, irin su jan ƙarfe da tutiya da ke cikin jini da hanta, ƙaruwa suke ko raguwa, kuma mene ne bambancin ragon da aka cika wa tunkuza da wanda aka ɗan yayyafa wa. Shi ya sa na dama za su ci tunkuza da yawa a cikin dusarsu, na hagu kaɗan.

Jan ƙarfe a jinin rago! Saratu ta ji, ta haɗiye abin da ya zo mata baki. Abin da ta kama da kyau dokokin ne. Ba kanwa, ba gishirin lasa, ba ciyawar da wata dabba ta sa wa baki. Bokitinsu daban, kwanon awonsu daban. Babbar dokar kuwa, kada bakin wata tunkiya ko akuya ko saniya ya taɓa nasu, domin ta miyau halittun suke tsallakawa, kuma da zarar ɗaya ya ɗauka, a kwana a tashi duk sun ɗauka.

Ta san dalilin wannan tsanani. Bara ya yi wannan aikin a wani garke da aka ba shi aro, saura ƙiris ya kammala waɗansu tumaki suka kutsa ta ƙarƙashin waya, aikin ya tashi a tutar babu. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da aka ba shi. Idan ta lalace, wa'adin karatunsa ya cika, sai dai ya tattara takardunsa ya dawo hannu rabbana. Ya zaɓi damina ne saboda kowa ya ɗaure dabbarsa don gonaki, babu mai yawo a gari. Ya zaɓi gidan uwarsa kuwa don dalilin da ya faɗa da bakinsa.

“Inna, ba ni da wanda zan ba amanar ga in yi kwana, in ba ke ba.”

Waliyyu ɗan fari ne, don haka Saratu ba ta taɓa kama sunansa ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce wancan, ko malaminku. Ba ta taɓa yabonsa a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ta daɗe ba. Ranar da aka zo mata da labarin ya gama digirin farko ma cewa ta yi to madalla, ta shiga ɗaki ta yi kukanta ita kaɗai, ta fito ta ci gaba da tankaɗe. Yau ɗin ma bango ta kalla ta ce Allah shi ba su iko. Amma a ranta daɗi ta ji, daɗi sosai, domin ga wani abu a ƙarshe da za ta yi masa da hannunta ba tare da kowa ya ce ta yi rashin kunya ba.

Haka kuwa ta riƙe abin tamau. Ta daina zuwa gidan Maiwada don kada ta taɓa tumakinta ta kwaso wani abu a hannu. Ba ta shiga garken sai ta wanke hannu da sabulu har gwiwa. Maƙwabciyarta Gudiya, wadda bakinta ba ya gajiya, ta raɗa musu suna ragunan boko, tana cewa saura a saya musu takalma. Saratu ta yi dariyar, amma ta hana ta wuce bakin madafi, saboda Gudiya awaki gare ta.

Lambobin kunne ba su zauna mata ba, sai ta sa musu sunaye. A cikin na hagu akwai wani fari tas mai baƙi zagaye da idanu, ta kira shi Mai Tozali. Shi ne mai rigimar cikinsu, shi ke fara kuka in ya ji motsin bokiti, shi ke tura kai cikin zanenta. Abin da ke ci mata rai game da su duka ɗaya ne. Kwaɗayin kanwa ya kama su, suna lasar ƙasa, suna lasar turke, suna lasar hannunta in ta yi gumi. Ga kanwa cike da tukunya a ɗaki, ga ta tana kallonsu. Wallahi sau da yawa sai ta juya musu baya take auna dusa.

Wata safiya ta kai abinci, bakwai suka yi caa a kan kwano, Mai Tozali bai taso ba. Yana tsaye a lungu, kai a sunkuye, kunnuwa sun zube. Ta zauna a kan turmi tana kallon bakinsa, tana jiran ta ga ya dawo da abinci ya fara tauna kamar yadda kowace lafiyayyar tunkiya take yi in ta huta. Har rana ta take, bakin bai motsa ba. Ta dafa cikinsa ta hagu ta ji shiru, babu ko ƙugi. Ta san wannan ciwon. Ya daina tuƙa.

Ta kuma san maganinsa, abin da ya fi damunta ke nan. Kowace mai kiwo a Karaye ta sani. A sami lafiyayyar tunkiya, a yi kwanton ɓauna har ta dawo da abinci baki, a damƙe maƙogwaronta, a zura yatsu a zaro curin tuƙar da ɗuminsa, a dama da ruwa a ɗura wa marar lafiya. Uwarta ta yi, ita ma ta yi ba adadi, kuma da wuya ya ƙi ci.

Ta kira Waliyyu a waya. Yana Jega, ruwan da aka tafka ya cinye kwalbatin hanyarsu, ko babur ba ya wucewa. Ya yi mata tambayoyi, ya ce ta ba shi ruwan ɗumi, ta riƙa murza masa ciki, da zarar ruwa ya janye yana tafe da magani. Ta yi gyaran murya, sannan ta ɗan ambaci tuƙa kamar ba da gaske take ba. Nan take ya gane inda ta dosa.

“Inna, tuƙar nan ita ta abin da muke gudu. Cike take da halittun nan. Don Allah ki yi haƙuri ki jira ni.”

Ta ce to, ta jira. Ta ba shi ruwan ɗumi, ta murza ciki har hannunta ya gaji. Washegari Mai Tozali ya kwanta. Wanshekare idanun nan masu tozali suka faɗa, hanci ya bushe, in ta ɗaga kansa ta saki sai ya koma ƙasa. Sama kuwa ba ta da niyyar ɗagawa, kullum sai hadari ya haɗo daga gabas. Tuwo ya daina wuce mata. Tana sallah hankalinta na garke, tana ji ko numfashin ya canja.

Maiwada ya zo da hantsi ya tsaya a bayan darnin waje, don shi ma dokar ta hau kansa, ya leƙa ya daɗe yana kallo. Ba mutum ne mai zagaye-zagaye ba. Ya ce mata abu biyu ne ya rage, ko tuƙa yau, ko ya je ya wasa wuƙa kafin rago ya zama mushe a yi asara biyu. Ya ce shi bai yi boko ba, ba ya kuma raina na yaron, amma bai taɓa ganin an zuba wa dabba ido tana mutuwa da magani a bayan gida ba.

“Yaya, Allah zai tambaye ki wanga rago, ba malamin makaranta ba.”

Maganar ta soke ta. Ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado, ta tashi, ta sake zama. Can sai wata dabara ta faɗo mata, ta ji kamar an sauke mata kaya. Ai ba dole ne a kawo tuƙar cikin garke ba. A fitar da ragon gaba ɗaya, a kai shi can, a yi masa magani can, ya zauna can har abada. Ɗaya ya fita, bakwai suna nan da tsarkinsu. Yaron zai ji zafi, amma aikinsa bai mutu ba, ragon ma bai mutu ba.

Ita ta ɗauke shi da kanta, ta saɓa a kafaɗa, bai fi nauyin tulun ruwa ba. Ta bi ta bayan rudun albasa cikin taɓo, zanenta duk ya jiƙe. Tsohuwar tunkiyarta na ganinta ta hau kuka tana jan igiya, Saratu ta ce mata yi haƙuri, yau ba gaisuwa ta kawo ni ba. Suka tsuguna ita da Maiwada suna jira. Da curin ya hau wuya Maiwada ya damƙe, ita ta zura yatsu, tunkiyar ta dasa mata haƙori a ɗan ali, ba ta saki ba sai da ta zaro shi, kore, mai ɗumi, mai warin da ta sani tun tana yarinya. Ta dama ta ɗura wa Mai Tozali a hankali tana shafa wuyansa.

Aka shimfiɗa masa buhu a ƙarƙashin rumfa nesa da sauran. Maiwada ya ɗauko igiya zai ɗaure shi, ta hana. Haba, wa ke ɗaure wanda ko kansa ba ya iya ɗagawa? In ya mirgina sai igiya ta shaƙe shi a banza. Ta ce a bar shi haka nan, ba inda za shi. Maiwada ya rataye igiyar a jikin rumfa.

Da ta koma gida ba ta taɓa ko bokiti ba sai da ta yi wanka, ta wanke zane da kallabi, ta goge ƙarƙashin farce da tsinke. Sannan ta kira Waliyyu ta faɗa masa abin da ta yi tiryan-tiryan. Ta ji ya ja numfashi. Ya ce malaminsa zai yi faɗa, amma bakwai za su iya ɗaukar aikin, ba komai. Abu ɗaya ya roƙa, ya kuma maimaita, kada ragon nan ya ƙara kusantar garken, ko da wasa. Ta ce in sha Allahu. Ranar ta ci tuwo har da ƙari.

Labari ya riƙa zuwa daga gidan Maiwada. Mai Tozali ya ɗaga kai. Ya sha ruwa da kansa. Ya ɗan taɓa harawa, matar Maiwada ta jiƙa masa kanwa ya shanye tas. Saratu ba ta je ba, tana tsoron hannunta, amma kowane saƙo sai ta ce alhamdu lillahi. A tsakanin nan aka yi wani ruwa da iska da ya kwantar da gefen darnin waje. Ta gwada tayar da shi ita kaɗai ta kasa, ta aika wa Maiwada, ya ce yana noman maimai, da ya sami sarari zai zo. Ba ta matsa ba. Na ciki yana tsaye daram, kuma duk garin babu dabbar da ke sake.

Ran nan da safe ta tafi famfo ɗibar ruwan raguna, ta bar ƙofar gida a buɗe kamar kullum. Layi ya yi tsawo, ta tsaya gaisawa da wannan da waccan, aka yi zancen farashin taki. Ta dawo da bokiti a ka, ta zagaya bayan ɗaki, sai ta tsaya cik.

Mai Tozali ne tsaye a kan ƙafafunsa huɗu, a tsakanin darni da darni. Ya ji kukan 'yan'uwansa ya biyo shi har gida. Muƙamuƙinsa na juyawa a hankali, yana tuƙa, koren kumfa a gefen baki. Abin da ya fara fita daga bakin Saratu godiya ce ga Allah, har da murmushi. Sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan. Ya cusa hancinsa ta tsakanin karan darni, su kuma bakwai ɗin, na dama da na hagu, sun taru suna ture juna, suna lashe masa baki. Ɗanɗanon kanwa suka ji, abin da suka daɗe suna nema.

Bokitin ya suɓuce ya kife. Ba ta san lokacin da ta kama ƙafarsa ta baya ta fizgo shi ba, ragon da ta saɓa a kafaɗa jiya-jiya, yana kuka tana ja har gidan Maiwada. Ba kowa a gidan, duk suna gona. Ta ɗauko igiyar nan daga jikin rumfa ta ɗaure shi, ta nemo wata ta ƙara. Ƙullin ya ƙi yi sai da ta sake.

Ta dawo ta ɗumama ruwa ta kama su ɗaya bayan ɗaya tana wanke musu baki da sabulu, suna zillewa tana dannewa, tana cusa tsumma har cikin kumatu. Ita kanta ta san aikin banza take yi. Abin da aka lasa an haɗiye. Ba ta ma san tsawon lokacin da ya yi a tsaye a wurin ba, ko yanzu ya zo, ko tun fitarta. Da yamma ta sa Maiwada a gaba sai da ya tayar da darnin, ba ta ce masa komai ba, shi ma da ya ga igiya biyu a wuyan rago bai tambaya ba.

Waliyyu ya kira bayan la'asar. Ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji muryarsa wasai, yana ba ta labarin malaminsa ya amince da bakwai ɗin, ya ma yaba da awon jinin farko. Ya tambayi raguna. Ta ce lafiyarsu lau. Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona ta.

Daga ranar Saratu ta shiga wani hali. Takan ce wa kanta ai ɗan lasa ne, miyau nawa ne, kuma ta wanke. Ta ɗan ji sanyi. Can sai ta tuna da kumfan nan kore, sanyin ya gushe. Takan zauna a kan turmi ta ƙura wa cikunansu ido kamar za ta hango abin da ke ciki. In suka ci da yawa ta tsorata, in suka rage ci ta tsorata. Gashinsu ya yi sheƙi, ta rasa ko murna za ta yi. A sujada kuwa ta tsinci kanta tana roƙon abin da ba ta taɓa zaton za ta roƙa ba, wai Allah ya kashe waɗansu halittunsa da ba ta taɓa gani ba. Gudiya ta leƙo ta katanga ta ce ragunan boko suna ƙiba uwar ɗakinsu na ramewa, ko su ke cinye mata tuwo? Saratu ta ci gaba da auna dusa.

Kullum sai ta yi niyyar faɗa masa, kullum sai ta ce bari gobe. In babu abin da ya shiga, don me za ta tayar masa da hankali yana nesa? In kuma ya shiga, faɗar ba za ta fitar da shi ba. Da wannan take lallashin kanta, kuma ba ya lallasuwa.

Ruwa ya janye, aka cike kwalbati da duwatsu. Wata Asabar da hantsi ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Waliyyu ya shigo da akwati a hannu da ledar burodi, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe. Ya wanke hannu ya zagaya garken, ya taɓa darni, ya duba bokiti, ya daddafa ragunan yana dariya. Ya ce ko a makaranta ba a riƙe su haka ba. Ta ce ruwan shansa na nan a randa.

Ya kafa ɗan tebur a gindin dogonyaro inda haske yake, ya fito da madubin likita daga akwati ya gyara shi ya fuskanci rana. Ya ce kafin ya ɗebi jinin ƙarshe dole ya tabbatar tumbin kowanne yana nan wayam, haka ƙa'idar take. Ita ta riƙe masa na farko tsakanin gwiwoyinta. Ya zura siririn tiyo ta baki har tumbi, ya zuƙo ruwa kore-kore da sirinji, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya sunkuya ya sa ido.

Ya daɗe a sunkuye. Tana kallon ƙeyarsa, tana jin bugun zuciyar ragon a cinyarta ko kuwa tata ce, ba ta sani ba. Ya murɗa wani abu a jikin madubin, ya sake murɗawa. Ya zare gilashin. Ya ɗauko sabon tiyo ya ce ta kamo na biyu. Bayan na biyu ya tsallaka hagu. Dariyar nan ta ɗauke, hannunsa ya fara kuskuren gilashi. Bai tsaya ba sai da ya duba duka bakwai, sannan ya zauna a ƙasa, a cikin rigarsa mai guga, ya jingina da bishiya.

Ya yi magana a hankali, ba ita yake kallo ba, darnin yake kallo. Ya ce babu ta inda wani abu zai shiga nan, ya duba da idonsa. Ya ce ashe tun farko maganin da ya ɗura musu ne bai kashe su duka ba, wataƙila ya rage awo don tsoron kada ya yi musu yawa, 'yan kaɗan suka saura suka hayayyafa. Ya ce bara ya ɗora wa masu garke laifi, ashe shi ne bai iya aikin ba.

“Laihina na, Inna. Ki gahwarce ni, na wahal da ke a banza.”

Ga ƙofa ya buɗe mata da kansa. In ta yi shiru, shi ke nan, Maiwada ba zai taɓa faɗa ba, rago kuwa ba ya magana. Ta tsaya da tsumma a hannu. Sai ta ce ya bari ta gani.

Ya miƙe ya nuna mata inda za ta sa ido. Da farko haske kawai ta gani, sai abin ya washe. Ga su nan birjik, manya da ƙanana, masu gashi-gashi a jiki, suna juyi suna karo da juna, suna ta hidimarsu cikin ƙoshin lafiya. Daga bakin tsohuwar tunkiyarta suke, ita ta zaro su da yatsunta. Ta ɗago.

“Waliyyu.”

Ya waiwaya bayansa tukuna, kamar wani ne ya shigo gidan. Sannan ya dube ta. Tunda aka haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba.

“Ba maganinka na ba. Ni ta. Ni na hana a ɗaure shi.”

Ta faɗa masa duka, a tsaye, tana kallonsa ido cikin ido, igiyar da ta hana, darnin da ta bari a kwance, famfo, kanwa, sabulu, da ranar da ta ce masa lafiyarsu lau. Ba ta rage komai ba, ba ta kuma yi kuka ba sai da ta kai ƙarshe. Shi dai yana riƙe da ɗan gilashin nan yana goge shi da bakin riga, ya goge ya sake gogewa, alhali ya daɗe da fita tas. Idanunsa sun yi ja. Ta jira ya yi faɗa, da ya yi da ta fi samun sauƙi.

Can ya sa gilashin a akwati ya rufe.

“Shi Mai Tozalin, ya warke?”

“Ya warke.”

Ya gyaɗa kai. Ya taka zuwa garken ya kwance igiyar ƙofar waje, ya kwance ta ciki, ya cire karan da ya raba dama da hagu ya jingine a bango. Ragunan suka cakuɗe suna shinshinar juna. Ya tsaya a cikinsu ya ba ta baya, kafaɗunsa na motsi, ya ce da wata irin murya in akwai kanwa a ɗaki ta jiƙo musu.

Saratu ta shiga ɗaki ta ɗauko tukunyar.